Ƙwarangwal a Ajin Zane: Abin Ɗauka da Abin Bari

Gabatarwa

Akwai wata hanyar koyar da zane da ta yi ƙarfi a makarantun Turai da Amurka, musamman ga yara 'yan shekara 11 zuwa 14, wato tsaran 'ya'yanmu na ƙaramar sakandare, ko midil a bakin iyayenmu. Malami zai kafa ƙwarangwal na roba a gaban aji, yara su yi makonni suna zana ƙasusuwansa ɗaya bayan ɗaya. Idan hannunsu ya faɗa, sai a cire ƙoƙon kan a ɗora shi a tebur tare da kyandir da agogo da furen da ya soma yaushi, a ce su zana, su kuma faɗi abin da hoton yake nufi. Tsuntsu biyu ake nema da jifa ɗaya: yaro ya san ƙirar jikin mutum, ya kuma koyi yadda ake sa abu marar baki ya yi magana a kan ƙarewar rayuwa.

Wayar hannu ta riga ta shigo da wannan hanya cikin Badala. Duk malamin zanen da ya leƙa intanet neman abin da zai koyar gobe, ba zai yi nisa ba sai ya ci karo da ayyukan yaran Turawa, ƙoƙunan kai jere a bangon aji, wasu da gawayi, wasu da launi. Aikin yana da kyau, kuma kyansa yana jan rai. Ni da nake koyar da zane a wata ƙaramar sakandare a cikin birnin Kano, tambayar ta zame mini dole: shin hanyar nan ta karɓe mu? Abin da zan kare a wannan maƙala shi ne, hanyar ta ƙunshi abu biyu da tarihin Turai ya ɗinke wuri guda, kuma babu tilas mu saye su a ɗinke. Nazarin ƙashi abin ɗauka ne, muna ma da tsananin buƙatarsa. Ƙoƙon kan mutum a matsayin alamar mutuwa kuwa abin bari ne, domin a Kano wata magana dabam yake yi, kuma muna da alamun da suka fi shi kaifi.

Darasin zanen da babu zane a cikinsa

Kafin a soki hanyar wasu, ya kamata a dubi tamu. Tun da aka fara aiki da manhajar ilimin tushe ta shekara tara a 2008, an haɗe zane da kiɗa da wasan kwaikwayo da sana'o'in hannu a darasi guda. Niyyar haɗin mai kyau ce, sai dai a aikace abin da ya fi sauƙin koyarwa shi ya cinye sauran, wato rubutu. Yaro zai cika littafi da ma'anar layi da ire-irensa, ya haddace launukan asali da na gauraye, ya ci jarrabawa, alhali bai taɓa zama na minti 30 yana kallon abu ɗaya domin ya sauke shi a takarda ba. In an ce ya zana mutum, sai ya yi da'ira, ya ja mata sanda, ya maƙala wasu sanduna huɗu, kamar yadda ya saba tun yana firamare. A darasin kimiyya ana ba shi hoton ƙwarangwal ya kwafa daga allo, malamin ma daga littafi ya kwafo. Tsakanin yaron da ƙashi na gaskiya akwai hannu biyu ko uku, kuma kowane hannu ya zubar da wani abu a hanya.

A nan hanyar Turawa ta yi mana fintinkau, dole a faɗa. Ƙashi ba ya yarda da zanen ka. Ba shi da layi miƙaƙƙe ko ɗaya, kowane ɓangarensa ya murɗe ko ya kumbura ko ya lotsa saboda wani aiki da yake yi. Wanda zai zana shi tilas ya daina zana abin da yake zato, ya koma kallon abin da ke gabansa. Wannan shi ne tushen zane, kuma gani ya kori ji.

Gardamar ɗaukar hanyar baƙo ba yau ta fara ba a Nijeriya. Aina Onabolu, wanda ya dawo daga karatun zane a Landan da Faris a 1922 ya ci gaba da koyarwa a makarantun Legas, ya tsaya kan ƙa'idojin Turai na auna jiki da nisa. Kenneth Murray da ya iso a 1927 ya fi son yara su riƙe sana'o'i da rayuwar garuruwansu. A 1958 ɗaliban zane na kwalejin Zariya, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya a kan cewa a karɓi dabarar baƙo a zuba mata abin gida. Ina bin sawunsu. Amma kafin a san abin karɓa, sai an warware ɗinkin an ga yadda aka yi shi.

Hotuna uku

A 1543 aka buga littafin Andreas Vesalius a kan ƙirar jikin ɗan Adam a birnin Basel. Malamin likitanci ne a jami'ar Padua ta Italiya, kuma da hannunsa yake feɗe gawa, galibi ta waɗanda aka zartar wa hukuncin kisa. A cikin littafin akwai cikakkun ƙwarangwal uku a tsaye. Ɗaya ya dogara da shebur. Wani kuma, wanda ya fi shahara, ya harɗe ƙafa, ya kafa gwiwar hannu a kan dutsen kushewa ya yi tagumi, ɗaya hannun nasa yana kan wani ƙoƙon kai. Ta fuskar ilimi, tsayuwar tana da amfani, domin tana nuna gaɓoɓi a bakin aiki: yadda ƙasusuwa biyu na sangalin hannu suke juyawa, da yadda nauyin jiki yake sauka a ƙafa ɗaya. Tagumin da kushewar kuwa wa'azi ne da aka ɗora a kan darasin likita, matacce yana tunanin mutuwa. A irin wannan hoto ake ganin ɗinkin da nake magana a fili.

Bayan kusan shekara ɗari, wa'azin ya zama sana'a mai zaman kanta a ƙasar Holan. Wajen 1640 Harmen Steenwijck ya yi wani zane da yanzu yake a babban gidan adana zane-zane na Landan. A gefen tebur ya tara littattafai da kayan busa da takobin Japan da ƙwanson dodon-koɗin teku da agogo da tulu da fitilar da ta mutu, ƙoƙon kai a tsakiyarsu. Fiye da rabin hoton bango ne fayau, sai wani haske da ya keto daga sama ya sauka a kan kayan. Kowane abu yana da fassara: littafi ilimi, takobi mulki, ƙwanso dukiyar fatauci, kayan busa jin daɗi. Gwanintar mai zanen ba abar musu ba ce. Amma hoton yana da rauni biyu. Na farko, yana hana son duniya alhali ya zauna ya lailaye kayan duniyar har sai da suka ba mai kallo sha'awa, kuma shi kansa hoton kayan ƙawa ne da masu hali suke saye su rataya. Na biyu, ƙoƙon kan ya cika surutu. Shi ne yake faɗa wa mai kallo amsa tun kafin ya yi tambaya. Idan mutum ya sa yatsa ya rufe shi, zai ga mutacciyar fitila da bangon da babu kowa sun isar da saƙon, har ma sun fi ratsa zuciya, domin sun bar wa mai kallo aikin ganewa.

Hoto na uku ya girmi waɗannan biyu. A ƙarshen ƙarni na 14, wani likita na birnin Shiraz a ƙasar Farisa, Mansur ibn Ilyas, ya wallafa littafin ƙirar jiki mai ɗauke da hotunan mutum sukutum, ɗaya na ƙashi, ɗaya na tsoka, sauran na jijiyoyi. Ƙwarangwal ɗinsa a tsugune yake, an nuno shi ta baya, an tanƙwara kan har fuska ta dubi sama, an bi ƙasusuwan da rubutun bayani. Wanda ya saba da zanen Vesalius zai ce wannan bai iya ba, kuma lallai bai kai shi daidaito ba. Amma abin da ya nufa dabam ne: taswira ya yi domin ɗalibi ya ƙirga, ya san mazaunin kowane ƙashi. Babu kushewa, babu tagumi. Darasin da na ɗauka daga gare shi shi ne, Musulmi sun zana ƙashi domin ilimi kusan shekara 150 kafin Vesalius, kuma ba su ga dalilin mayar da shi tutar mutuwa ba. Ashe ɗinkin ba halitta ba ne, ana iya warware shi.

Abin da ƙoƙon kai yake faɗa a Kano

Alama ba ta magana sai da yaren mutanen da suka saba da ita. Baturen ƙarni na 17 ya san ƙoƙon kai da idonsa. Maƙabartun majami'u sukan cika, sai a tono tsofaffin ƙasusuwa a jera su a ɗaki na musamman, mutane suna shiga suna gani. A Faris, daga 1786 aka riƙa kwashe ƙasusuwan miliyoyin mutane zuwa ramukan ƙarƙashin birnin, kuma har gobe ana zuwa kallonsu. A Mekziko, ranakun 1 da 2 ga Nuwamba na tunawa da matattu ne, ana yin alewa da siffar ƙoƙon kai a ba yara, kuma daga can malaman Amurka da yawa suke aro darasinsu. Ga waɗannan al'ummu ƙoƙon kai tsohon maƙwabci ne.

Mu kuwa mamacinmu ba ya daɗewa a gida. A yi masa wanka, a suturta shi, a sallace shi, a kai shi Dandolo ko Ƙofar Mazugal, sau da yawa kafin rana ta faɗi. Daga ranar ba mai sake ganin komai nasa. Hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito ya daidaita karya ƙashin mamaci da karya shi yana da rai, kuma a kan wannan ladabi aka rene mu. Saboda haka Bakano ba ya ganin ƙoƙon kan mutum sai in wani abu ya ɓaci: ko ruwa ya yi ɓarna a maƙabarta, ko azzalumai sun tone kabari domin tsafi. Inda kuma yaro yake ganin hotonsa shi ne jikin na'urar rarraba wutar lantarki da kwalbar maganin ƙwari, ma'anarsa a nan ita ce guji wurin. Malamin da ya ɗora ƙoƙon kai a tebur yana nufin "tuna makomarka", abin da ajin zai ji shi ne haɗari ko tsafi ko fim ɗin ban tsoro. Yara za su yi ihu da dariya, uba kuma ya ga littafin ɗansa da daddare, gari na wayewa ya iso ofishin shugaban makaranta. Ba zan ga laifinsa ba. Abin aro ba ya ado.

Kada wannan ya sa a zaci yaranmu ba su san mutuwa ba, ko a ce a kawar da zancenta daga aji. Yaron cikin birni yana ganin makara a jingine a soron masallacin unguwarsu kullum. Ya sha matsawa gefe a lungu domin masu ɗauke da gawa su wuce. Ya tashi a garin da har yanzu ake tuna Juma'ar 28 ga Nuwamba 2014, ranar da aka kashe mutane fiye da 100 a Babban Masallaci, da kuma watan Afrilun 2020 da dattawa suka riƙa tafiya a jere. Waƙoƙin wa'azi irin Infiraji na Aliyu Namangi sun cika kunnensa da zancen kabari. Kunne ya ƙoshi. Ido da hannu ne ba a ba su hanyar da za su taɓa maganar ba, kuma nan ne darasin zane yake da abin bayarwa.

Zanen da aka yi a kan ƙasa

Wanda yake ganin koyar da mutuwa ta hanyar zane baƙon abu ne, ya duba Sahihul Buhari, a babin guri da tsawonsa. Abdullahi ɗan Mas'ud ya ba da labarin cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zana murabba'i, ya ja layi a tsakiyarsa har ya fita waje, sannan ya yi wasu ƙananan layuka a gefen na tsakiyar. Ya bayyana cewa na tsakiyar mutum ne, murabba'in ajalinsa ne da ya kewaye shi, abin da ya fita waje gurinsa ne, ƙananan kuma musibu ne, in wannan ta kuskure shi waccan ta same shi.

Idan aka auna wannan zane da ma'aunin da aka auna na Steenwijck, za a ga inda ya fi shi. Babu abin tsoro a cikinsa, babu kuma abin sha'awa da zai janye ido daga saƙon. Dukkan ma'anar tana cikin dangantakar layukan: ɗaya ya fi gidan da aka yi masa tsawo. Hoton Holan yana nuna abin da mutum zai zama bayan ya mutu. Wannan kuwa yana nuna halin da mutum yake ciki yanzu, yana raye, yana ƙulla abin da ba zai ƙarasa ba. Ɗan shekara 13 bai damu da yadda ƙashinsa zai kasance a kabari ba, amma ya san guri, domin cike yake da shi.

Ta fuskar koyarwa ma, duk abin da manhaja take so a sani game da layi da siffa da fili yana cikin wannan zane. Nakan fara zangon karatu da shi. Bayan an yi bayani, kowa ya zana nasa murabba'in, ya rubuta ko ya zana abin da yake guri a kan layin da ya fita. Ajin da ya saba da hayaniya yakan yi tsit, kuma ban taɓa samun uban da ya zo ƙorafi a kansa ba.

Ƙashin da ke hannunmu

Saura nazarin ƙashi, wanda na ce abin ɗauka ne. Makarantunmu ba su da ƙwarangwal na roba, kuma ba sa buƙatarsa. Kowane yaro ya zo aji da ƙasusuwa 27 a kowane hannu: 8 a wuyan hannu, 5 a tafi, 14 a yatsu. Ya shimfiɗa hagunsa a kan benci, ya lalubi gaɓoɓin da damansa, ya gano da kansa cewa babban yatsa gaɓa biyu gare shi, sauran uku-uku. Sannan ya zana, a buɗe, a dunƙule, riƙe da alƙalami. Hannu ya fi fuska wuyar zane, wanda ya iya shi ya iya kallo. Kuma yaron da ya haddace Suratul Ƙiyama a islamiyya, inda aka ambaci tara ƙasusuwa da daidaita kan yatsu, zai ga abin da yake karantawa a gabansa.

Mataki na biyu Babbar Salla ce take kawo shi. Babu ɗan birnin da bai taɓa tsayawa a kan ragon layya ana feɗe shi ba. Abin da ake zubarwa bayan an ci nama, shi ne kayan aikinmu: allon kafaɗa, muƙamuƙi da haƙoransa, haƙarƙari, ƙashin wuya. A dafa su, a kankare, a shanya. Allon kafaɗar rago kaɗai ya isa darasin mako biyu a kan haske da inuwa, saboda tudun da ya raba bayansa da yadda bakinsa ya yi siriri har haske yana ratsa shi. Daga nan sai kwatance. Wuyan rago ƙashi 7 ne, na mutum ma 7. Haƙarƙarin rago 13 ne a kowane gefe, na mutum 12. Abin da muke kira gwiwar rago ta ƙafar gaba, a ƙira wuyan hannu ne, kofatansa biyu kuma yatsu biyu ne da yake tafiya a kansu. Ranar da yaro ya gane haka, ya riƙe ƙafar rago a hannu ɗaya yana duban ɗaya hannun nasa, ya sami abin da kwafin allo ba zai taɓa ba shi ba.

Masanan wannan fanni kuma suna cikin unguwa. Mahauci ya san inda kowace gaɓa take rabuwa, shi ya sa wuƙarsa ba ta dakushewa a kan ƙashi. Maɗori yana karanta karaya da yatsunsa ta saman fata. A gayyato ɗayansu aji na awa guda, yara su ji sunayen ƙasusuwa da Hausa daga bakin mai sana'a: sangali, ƙwauri, kwatangwalo, ƙoƙon gwiwa, guringuntsi. Da yawa daga cikin kalmomin nan sun fara ɓacewa daga bakin 'yan makaranta.

Alamun gida

Da wace alama za a maye gurbin ƙoƙon kai? Amsar tana cikin abin da muke gani idan an yi rashi. Ga farin alawayyo, wanda ba shi da ado ko kaɗan, a garin da ya yi suna da aska takwas da rinin Ƙofar Mata. Zana farin ƙyalle a naɗe tsohon gwaji ne ga masu koyon zane a ko'ina, domin babu launin da za a fake da shi, sai inuwa kawai. Ga ganyen magarya da ake sawa a ruwan wanka. Ga fasassun tukwane da itatuwan da ake rufe kabari da su. Ga allon da aka wanke, wanda gurbin rubutun jiya bai gama gogewa daga jikinsa ba. Ga aci-balbal da manta ya ƙare. Ga hular dattijo a rataye a ƙusa, ta riƙe siffar kan mai ita. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ya firgita kowa, kuma duk Bakanon da ya gan su a jere a kan tabarma ya san zancen da ake yi ba sai an gaya masa ba.

Ya kamata a bar yara su zaɓi nasu, domin ba gefe ɗaya suke ganin mutuwa ba. Namiji yana bin jana'iza, ya san makara da ƙasa da tukwane. Mace ba ta zuwa maƙabarta. Abin da ta sani shi ne cikin gida: tabarmin zaman makoki, takalma jibge a ƙofar ɗaki, kwanukan abincin da maƙwabta suka aiko, mahaifiya ko goggo a cikin takaba wata huɗu da kwana goma. Ƙoƙon kai ɗaya a tebur zai shafe wannan bambanci, ya ba kowa amsa iri ɗaya. Na ga yarinyar da ta zana takalma kawai a bakin ƙofa, manya da ƙanana, ba mutum ko ɗaya a hoton. Ban ga abin da Steenwijck ya faɗa wanda ita ba ta faɗa ba.

Akwai kuma wurin da ƙira da ƙarewa suke haɗuwa da kansu, ba tare da an ɗinka su ba, wato ginin ƙasa. Bayan kowace damina, a lungunan birni ba a rasa soron da ya zube, azarorinsa a waje kamar haƙarƙari. Wanda ya shiga Gidan Makama ya ɗaga kai ya ga bakan gizo da ɗaurin guga, ya ga ƙashi a cikin tsoka. Wanda ya ga rusasshen soro ya ga ƙashin bayan tsokar ta tafi. Badala ma haka take. Tun zamanin Sarki Gijimasu, a ƙarni na 12, aka soma gina ta, yau kuwa a wurare da yawa tudu ne kawai da ruwa da masu ɗibar ƙasa suke ci. Aji ya fita da gawayi da kwali ya zauna a gabanta na awa ɗaya, ya zana abin da ya rage. Wannan darasin gini ne da tarihi da wa'azi a zama ɗaya, kuma watakila a cikin masu zanen a sami wanda zai hana a ƙarasa ta.

Abin da za a iya cewa

Za a ce, ina hukuncin zana mai rai? Fatawa ta malamai ce. Abin da yake sananne shi ne, Ibn Abbas ya shawarci wani mai sana'ar sura da ya koma zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Malaman Malikiyya, kamar Shaihu Dardir a sharhinsa na Muhtasar, sun bambanta mutum-mutumi mai inuwa kuma cikakken gaɓoɓi, wanda suka haramta, da zanen shafi da kuma surar da ba ta cika ba. Wasu malaman sun fi haka tsanantawa. Tsarin da na kawo bai shiga wannan saɓani ba, domin hannu ne da ƙashin dabba da tukunya da bango.

Za a ce, aji ya cika maƙil, ga rashin kayan aiki. Gaskiya ne, kuma ba ƙaramar matsala ba ce. Amma gawayi yana kowane madafi, kwali yana kowane kanti, ƙashi kuwa kyauta ne. Fenti ne mai tsada, kuma wannan zango ba ya buƙatarsa.

Ƙorafin da ya fi nauyi a wurina shi ne na maraya. A kowane aji akwai wanda rashinsa ɗanye ne, kuma farin ƙyalle zai taɓa shi fiye da yadda ƙoƙon roba zai yi. Ƙarfin alamar gida shi ne kuma haɗarinta. Don haka wajibi ne malami ya san ɗalibansa kafin ya fara, ya buɗe ƙofar zaɓi, wanda ya ga dama ya tsaya a kan bango ko busasshen ganye. Kada a tilasta wa kowa bayanin abin da ya zana, kada kuma a ba baƙin ciki maki. Abin da za a duba a takarda shi ne kallo da haske da inuwa.

Kammalawa

Hanyar Turawa ta yi daidai a abu biyu: ƙashi yana koyar da kallo, kuma yaro mai tasowa ya cancanci a yi masa zancen mutuwa da mutunci. Inda ba za mu bi ta ba shi ne ɗaukar ƙoƙon kai a matsayin yaren duniya duka, alhali yaren wasu ƙasashe ne da tarihinsu ya haifar. Kirana ga 'yan'uwana malaman zane shi ne mu ware zango ɗaya a aji biyu na ƙaramar sakandare, mu fara da murabba'i da layi, mu bi ta hannu da ƙashin rago, mu ƙare da tabarma da Badala. Ga masu tsara jarrabawa kuma, a mayar da wani kaso na maki kan abin da yaro ya kalla ya zana da hannunsa, domin abin da ba a tambaya a jarrabawa ba a koyar da shi. Hausawa sun ce mutuwa rigar kowa ce. Tun da haka ne, gara 'ya'yanmu su koyi kallonta a ɗinkin garinsu.